Me tsohon ginin Farisa ke koya wa mai tsara birni a yau?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen tsara birane, ina shekarar ƙarshe. Duk littafin da na buɗe a kan yadda za a tsara birni ya zauna lafiya da muhallinsa, sai na ci karo da hoton hasumiyoyin iska na ƙasar Iran. Mece ce ainihin alaƙar tsohon ginin Farisa da wannan sabon ilimi? Akwai abin ɗauka a ciki, ko dai sha'awar kayan da ce kawai?

Amsa: Akwai abin ɗauka, ɗana, mai yawa ma kuwa. Sai dai hoton nan ya ɗauko maka labarin daga sama, alhali a ƙarƙashin ƙasa ya fara. Hasumiyar iska, wadda Farisawa, wato mutanen Iran, ke kira badgir, ita ke ɗaukar ido, shi ya sa masu buga littafi ke son ta a bango. Amma duk wanda ya zauna ya karanci biranen tsakiyar Iran da gaske, irin su Yazd da Kashan da Na'in da Kerman, zai ga ruwa ne ya zana su. Ruwa ne ya ce ga inda gari zai zauna, ga iyakar girmansa, ga inda lungu zai bi. Saboda haka da ruwa zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Mu ɗauki Yazd, don can ne abin ya fi fitowa fili. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tsakanin manyan hamadu biyu, Kabir da Lut. Ruwan saman da yake samu a shekara guda bai kai milimita 100 ba, sau da yawa ma wajen 60 ne, abin da Kano kan iya samu a ruwa ɗaya ko biyu masu ƙarfi cikin watan Agusta. Babu kogi. A watan Yuli zafi kan kai digiri 40, a lokacin sanyi kuma ruwa na daskarewa da dare. Duk da haka mutane sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin suna saƙa, suna fatauci, suna noman rumman, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Abin da ya riƙe su shi ne dutsen Shir Kuh da ke kudu maso yamma, mai tsayin fiye da mita 4,000. Dusar ƙanƙara na sauka a kansa, ta narke, ta nutse cikin tsakuwar da ke gindinsa. Dabarar da suka yi ta jawo wannan ruwa ita ce ƙanat.

Ga yadda ake yin ta. Gwanin aikin, wanda ake kira muƙanni, zai je gindin dutse ya haƙa rijiya har ya taɓa ruwa. Ita ce uwar rijiya. Sai a koma can gangare, inda ake son ruwan ya fito, a fara haƙa rami a kwance ana nufar uwar rijiyar. Ramin ba shi da faɗi, iyakar yadda mutum ɗaya zai durƙusa ya yi aiki. Bayan kowane 'yan mitoci, ashirin zuwa hamsin, sai a huda wata rijiya daga sama, don a riƙa fitar da ƙasa a guga kuma iska ta samu shiga. Idan ka kalli filin daga jirgin sama, sai ka ga jerin ramuka kamar tsakiya a zare, sun miƙe daga dutse zuwa gari. Inda gwanintar take shi ne gangaren. Kusan mita ɗaya ake sauka a kowane kilomita. In ya yi tsanani ruwa ya cinye bangon ramin ya rufta, in ya yi kwance ruwa ya tsaya laka ta toshe shi. Da igiya da fitilar mai suke awon nan. Fitilar ce ke nuna musu sun miƙe ko sun karkace, ita ce kuma ke gaya musu iska ta ɓaci idan harshenta ya fara mutuwa. Inda ƙasa ke da taushi sai su jera zoben gasasshen yumɓu su tokare.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙanat ɗin Gonabad, a gabashin Iran, uwar rijiyarta ta kai zurfin kusan mita 300, tsawonta ya haura kilomita 30, kuma ana ƙiyasta mata shekara kusan 2,500 tana ba da ruwa. Ta Zarc, wadda ke ratsawa ta ƙarƙashin Yazd, ta haura kilomita 70. Su biyun suna cikin ƙanat 11 da UNESCO ta yi wa rajista a 2016. Masanin lissafi Alkaraji ya rubuta littafi sukutum a kan fitar da ɓoyayyen ruwa wajen shekara ta 1000 miladiyya, ya yi bayanin awo da haƙa da hukunce-hukuncen mallaka. Tun kafin shi, marubucin tarihi Bagirke Folibiyus ya faɗi cewa sarakunan Farisa kan bar wa wanda ya jawo ruwa zuwa busasshiyar ƙasa amfanin wurin har zuriya biyar. Dabarar ta yaɗu: ita ce falaj a Oman, karez a Afganistan, foggara a Tuwat ta Aljeriya, garin da Shehu Magili ya zauna kafin ya zo Kano zamanin Sarki Rumfa.

To, ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Ƙanat ba ta iya ɗiban abin da ya wuce ƙarfin ƙasa. Babu inji a cikinta, ruwan da ya taso ya kai bakin ramin shi ke gangarowa. Shekarar da dutse ya sha dusar ƙanƙara, ruwa ya ƙaru. Shekarar fari, ya ragu, kowa ya gani da idonsa a bakin magudana, a rage shuka. Ba ta da hanyar cin rabon jikoki ko da masu ita sun so. Kwatanta wannan da rijiyar burtsatse mai inji: in ruwa ya yi ƙasa sai a ƙara zurfi a ƙara ƙarfin inji, babu mai ganin komai sai ranar da ta ƙafe. Masu sabon ilimin tsara birane suna ta neman yadda za a sa birni ya san iyakar abin da muhallinsa zai iya ɗauka. A Yazd wannan iyaka tana cikin ginin kansa.

Kuma ramin kaɗai bai isa ba, sai da doka. Kowace ƙanat tana da haraminta, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya haƙa rijiya a ciki ba don kada ya janye mata ruwa. Kalmar nan ita ce huruminmu na Hausa, tushensu ɗaya a Larabci da fiƙihu. Ruwan kuma da lokaci ake raba shi. Akwai mai rabon ruwa, mirab, wanda zai zauna da babbar tasa cike da ruwa da ƙaramin ƙoƙon tagulla mai huda a gindi. Ya ɗora ƙoƙon a kan ruwan, ruwa na shiga ta hudar a hankali, har ya cika ya nutse. Nutsewa ɗaya, kaso ɗaya. Ya ajiye tsakuwa guda don kada lissafi ya ɓace, ya ɗago ƙoƙon ya sake ɗorawa. Mai kaso goma, ƙoƙo zai nutse sau goma ruwa na kwarara gonarsa, sannan a toshe a juya wa na gaba. Kason nan ana gadonsa, ana sayar da shi, ana yin waƙafi da shi ga masallaci ko matafiya, kuma gwargwadon kasonka gwargwadon abin da za ka bayar na yashe rami kowace shekara. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa wannan ƙoƙo yana cikin ginin birnin kamar yadda bango ke ciki. Ranar da aka daina zama a gabansa, ramin ma ya fara mutuwa.

Da ruwan ya shigo gari, ba a amfani da shi sau ɗaya a zubar. Na sha ake fara ɗiba tun yana da tsabta, sai gidaje da masallatai da gidajen wanka, wani wuri ya juya dutsen niƙa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya rage ya fita lambuna da gonaki a gangaren gari. A manyan gidaje da masallatai akwai matakala da ake kira payab. Za ka bar tsakar gida rana na dukan ƙeya, ka fara sauka, taki talatin, arba'in, wani wuri fiye da haka. Haske na raguwa, gumin jikinka na bushewa, kana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, har ka isa wani ɗan ɗaki mai dakali a kewaye da ƙaramin kwarmi a tsakiya, ruwa na wucewa ta cikinsa shiru. Nan ake alwala, nan ake ajiye 'ya'yan itace, nan tsofaffi ke fakewa da tsakar rana. Kowace unguwa kuma tana da ab anbar, babbar matattarar ruwa a ƙasa mai ƙubba a kai. A lokacin sanyi ake cika ta, kaurin bangonta da hasumiyoyin iska da ke gefenta su riƙe mata sanyi har tsakiyar zafi. Akwai wata sananniya a Yazd mai hasumiya shida. Ana shafe cikinta da saruj, wani kwaɓi na farar ƙasa da toka da yumɓu da ba ya yoyo.

Yanzu ka ɗora wannan kusa da abin da kuke karantawa. Ian McHarg, masanin tsara filaye da muhalli, wanda littafinsa na 1969 ya zama ginshiƙin wannan fanni, cewa ya yi kafin ka ja layi ɗaya ka fara sanin ƙasar: ina ruwa ke bi, ina yake nutsewa, wane wuri ne bai kamata a taɓa ba. Sinawa kuma tun wajen 2014 suke aiki da manufar birni mai tsotse ruwa kamar soso, wadda masaninsu na tsara filaye Kongjian Yu ya yi fice wajen yaɗawa. Duk magana ɗaya ce, ruwa a gaba, gini a baya. Ba na cewa daga Iran suka kwafo, kowa da hanyar da ya bi ya iso. Amma McHarg da kansa ya yi aiki a Tehran a shekarun 1970, ya tsara wani babban wurin shaƙatawa da ilimin muhalli mai suna Pardisan. Sunan daga tsohuwar kalmar Farisa yake mai nufin lambu mai katanga, wadda ta bi ta wasu harsuna ta zama Firdausi da muke roƙon Allah Ya ba mu. Lambun Farisa, wanda magudanan ruwa ke raba shi huɗu, yana da aiki bayan kyau: katanga na tare ƙura da iska mai zafi, itatuwa na ba ruwa inuwa don kada rana ta shanye shi, ruwa na sanyaya iskar da za ta shiga ɗaki. Guda tara daga cikinsu suka shiga rajistar UNESCO a 2011.

Sai inuwa. Tsohon Yazd a cure yake, gida manne da gida, saboda haka kowane gida bango kaɗan yake nuna wa rana. Lungunan matsattsu ne, bangayensu dogaye, suna lanƙwasa don guguwar yashi kada ta samu miƙaƙƙiyar hanya. Nan da can an yi wa lungun rufi, wani lokaci har da ɗaki a kai, shi ake kira sabat. Mai tafiya yana fita daga inuwa yana shiga wata, kuma bambancin zafi tsakanin rufaffen wuri da buɗaɗɗe kan sa 'yar iska ta motsa. Bakan da ke tsallaka lungun suna tokare bangayen gidajen da ke fuskantar juna. A yau an auna an tabbatar cewa faffaɗan titin kwalta da siminti suna shan zafi da rana su amayar da shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni kan fi karkarar da ke kewaye da shi zafi, kuma faɗin titi idan aka gwada da tsayin ginin gefensa yana cikin manyan abubuwan da ke yanke yawan wannan zafi. Unguwa kuma, mahalla, tana da cibiyarta: masallaci, ab anbar, gidan wanka, 'yar kasuwa, filin taro, duk a tafiyar ƙafa. Abin da masanin birane Carlos Moreno ya sa wa suna birnin minti 15 a Faris ke nan.

Cikin gida, iyali ƙaura suke yi ba tare da sun fita ƙofa ba. Ɗakunan da ke arewacin tsakar gida suna kallon kudu, rana na shigarsu, nan ake zaman sanyi. Na kudu suna ba rana baya, da babbar rumfa mai tsayi buɗe ga tsakar gida, nan ake zaman zafi. A yini ɗaya ma akwai ƙaura: hantsi a rumfa, tsakar rana a ɗakin ƙasa, yamma a tsakar gida bayan an yayyafa ruwa, dare a kan soro. Wasu gidajen an nutsar da tsakar gidansu hawa guda ƙasa da lungu, don a kusanci ruwan ƙanat, kuma ƙasar da aka haƙo da ita aka yi tubalin gidan. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi sa'o'i da yawa, kafin zafin rana ya ratso ciki dare ya yi, an buɗe ko'ina sanyi na fitar da shi. Wannan ba sai na yi maka dogon bayani ba in ka taɓa kwana a soron ƙasa.

Yanzu mu zo kan badgir ɗinka. Hasumiya ce mai tsagogi a sama, cikinta an raba shi da siraran bangaye daga sama har ƙasa. Idan iska na kaɗawa, ɓangaren da ke fuskantarta ya kama ta ya tura ta ƙasa cikin ɗaki, ɓangaren da ke baya kuma ya zuƙo iskar ɗakin ya fitar. Idan iska ta tsaya, jikin hasumiyar da rana ta gasa sai ya sa iskar cikinta ta tashi sama, ta jawo mai sanyi daga tsakar gida ko ɗakin ƙasa. Ita kaɗai motsa iska take yi. Sanyi na gaske yana zuwa ne idan iskar ta bi ta kan ruwa, ko kwarmin da ke ƙarƙashin hasumiyar ko ramin ƙanat, domin busasshiyar iska in ta ɗauki danshi sai zafinta ya sauka. Aikin randa ke nan, ba wani abu ba. A lambun Daulat Abad, wanda aka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, akwai badgir mai kusurwa takwas da ta haura mita 33. Ka tsaya ƙarƙashinta kusa da kwarmin ruwa, iska na sauko maka a ka har rigarka na kaɗawa, alhali a waje ganye ko motsi ba ya yi sosai. Itatuwan da ke leƙowa daga jikin hasumiyoyin suna ɗaure ginin kuma magini na taka su wajen gyara, kamar dai na hasumiyar masallacin Agadas.

Lura da wannan kuma: badgir ba iri ɗaya ba ce. A Yazd mai fuska huɗu ko takwas ake yi. A Maibod da Ardakan, da ba su da nisa, mai fuska ɗaya ake yi, ta ba iskar hamada mai ƙura baya. A gaɓar teku, irin su Bandar Lenge da Laft a tsibirin Ƙeshm, gajeru ne masu faɗin baki, kuma ba a haɗa su da ruwa, don iskar can ta riga ta ƙoshi da danshi, abin da ake nema kawai ta taɓa jiki ta busar da gumi. Kowane gari ya san iskarsa da sunanta da lokacinta. Injiniya Mehdi Bahadori ne ya fito da lissafin waɗannan abubuwa ga duniya a wata maƙala ta 1978, daga nan masu bincike suka bi.

Akwai kuma yakcal, rumbun ƙanƙara, irin wanda ke tsaye har yau a Maibod. A daren sanyi ake zuba ruwa a shimfiɗaɗɗun kwaruruka marasa zurfi, bayan doguwar katanga da ke hana rana taɓa su. Sararin sama in ya yi garau yana janye zafin ruwan, har ya daskare ko da iskar wurin ba ta kai ga daskarewa ba. Da asuba a farfasa, a tara a rami ƙarƙashin ƙubba, a rufe da ƙaiƙayi, a sha a tsakiyar zafi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna wani shafi da ke sanyaya kansa ta wannan hanya ko da rana tsaka.

Me ya sa duk wannan ya dawo bakin mutane? Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki na cin kusan kashi 10 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma yawan na'urorin zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 nan da 2050. Kowace na'ura zafin ɗaki take kwashewa ta watsa a titi. Siminti kuma shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, babbar hujjar ingancin tsohon tsarin ta fito ne daga abin da ya faru bayan an bar shi. Zamanin Reza Shah, sarkin Iran, da dokar faɗaɗa tituna ta 1933, aka tsaga tsofaffin birane da miƙaƙƙun tituna, aka yanka unguwanni da kasuwanni biyu. Daga tsakiyar ƙarni na 20 rijiyoyi masu zurfi da injuna suka bazu. Rabon filaye na farkon shekarun 1960 ya zo da nasa alherin ga manoma, amma ya warware tsarin da ke ɗaukar nauyin yashe ƙanat, ba a kuma kafa wani a madadinsa ba. Inji ya ja ruwa ƙasa, uwar rijiya ta rataye a busasshiyar ƙasa, ƙanat da yawa suka ƙafe. Yau akwai sassan filin Tehran da ƙasa ke nutsewa kusan santimita 25 a shekara saboda an zuƙe ruwan da ke riƙe ta. Yazd, mai mutum fiye da rabin miliyan da masana'antun tayil da ƙarfe, da bututu ake kawo mata ruwa daga kogin Zayande Rud mai nisan ɗaruruwan kilomita. Kogin kuwa, wanda birnin Isfahan ya ginu a kansa, yakan yi watanni a bushe ƙarƙashin tsofaffin gadojinsa, har manoma suka yi zaman dirshan a cikinsa a Nuwamban 2021. A kan sorayen Yazd na'urorin sanyaya ɗaki masu aiki da ruwa da lantarki sun yi yawa, badgir da dama an toshe su.

Kada kuma ka ɗauka tsohon zamanin aljanna ne. Muƙannai da yawa a rami suka mutu, har ana cewa fararen kayan da suke sawa likkafaninsu ne in ƙasa ta rufta. Mai kuɗi shi ke zaune inda ruwa ya fara shigowa, talaka ya sha saura. Matattarar ruwa a kudancin ƙasar ta yaɗa kurkunu. Badgir na shigo da ƙura da ƙwari. Mafi girma duka, girgizar ƙasa: ranar 26 ga Disamban 2003 birnin Bam na Iran ya rushe, mutum fiye da 26,000 suka rasu, da yawansu ƙarƙashin nauyin rufin ƙasa da na bulo marasa ɗauri. Duk mai son ginin ƙasa da gaskiya dole ya riƙe Bam a ransa, ya koyi ɗaure gini.

Gwaji biyu na zamani sun isa su nuna maka bambancin ɗaukar siffa da ɗaukar tsari. Masdar, a Abu Dabi, an fara ta a 2008 da zanen kamfanin mai zanen gine-gine Norman Foster: matsattsun tituna, inuwa, hasumiyar iska mai mita 45. Lungunanta sun fi na kewaye sanyi, wannan gaskiya ne. Amma an dasa ta ne a bayan gari da kuɗin mai, ruwanta daga teku ake tacewa, yawancin masu aiki a cikinta da mota suke zuwa, kuma an sassauta burin farko na rashin fitar da hayaƙi. Sabon garin Shushtar kuwa, da Kamran Diba ya tsara a shekarun 1970 don ma'aikatan kamfanin rake a lardin Khuzistan na Iran, ba shi da abin ɗaukar ido sosai: jan bulo na wurin, gidaje masu tsakar gida, soron kwana, lungunan ƙafa, mota a gefe. Juyin juya hali na 1979 da yaƙin Iraƙi suka hana a kammala shi yadda aka tsara, amma kashin farko ya ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ni a wurina Shushtar ya fi kusa da ruhin Yazd.

A shekarar nan ta 1986, cikin waɗanda suka karɓi wannan lamba har da masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Alhaji Falke Barmu. A Dandaji kuma, duk a yankin, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubalin jar ƙasa tare da maginan wurin, aka gama a 2018. Ba su dasa badgir a Dandaji ba. Ƙasar wurin da hannun mutanen wurin da hanyar iskar wurin suka bi.

Haka nake so ka yi da naka aikin. Ƙanat na buƙatar dogon dutse mai tara ruwa da gangare mai tsakuwa, filin Kano ko Katsina ba haka yake ba. Sanyaya iska da ruwa zai yi maka aiki a Maris da Afrilu, ba zai yi ba a Agusta lokacin da iska ta jiƙe. Hasumiyar da ta buɗe baki arewa maso gabas ƙurar hunturu za ta zuba maka a ɗaki. Ruwan samanmu ya ninka na Yazd fiye da sau goma, saboda haka namu bangon yana buƙatar tushe mai ƙarfi da indararo da yaɓe a kan kari, kuma tambayarmu ta ruwa ita ce ina zai tafi idan ya sauko da yawa. Kududdufan cikin birni, waɗanda aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu, su ke karɓar wannan ruwa, kuma ana ta cike su ana gini a kai.

Ka samo ma'aunin zafi guda biyu. Ka ajiye ɗaya a lungun tsohuwar unguwa mai ginin ƙasa, ɗaya a gefen faffaɗan titi a sabuwar unguwa, duka a inuwa, tsayin ƙirji daga ƙasa. Ka riƙa dubawa ƙarfe uku na rana da ƙarfe biyar na asuba har mako biyu a cikin bazara, ka sake a damina. Ka auna faɗin lungun da tsayin bangonsa, ka rubuta inda ya fuskanta. Sannan ka nemi tsofaffin unguwar su nuna maka inda ruwa ke bi da, da kududdufin da yake faɗawa, ka sa su a taswira tare da abin da aka gina a wurin yanzu.